Mota Mai Turbo: Ina Ƙarfi Yake Zuwa Sa'ad da Inji Ya Yi Zafi?

Duk wanda ya saba bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya san Hawan Kibo, ya kuma san cewa a nan ne kowace mota takan faɗi gaskiyar lafiyarta. A wata tafiya da muka yi zuwa ɗaurin auren wata 'yar'uwa a Bukuru, mu shida ne cikin motar wani ɗan'uwanmu, 'yar Kwatano mai injin gas da turbo. Tun daga Keffi mota tana tafiya lafiya lau, ko tari ba ta yi ba. Da muka kama hawan sai muka tarar da tirela tana jan ciki a gabanmu. Direba ya leƙa ya ga hanya, ya fita zai wuce, ya taka totur. Muna daidai tsakiyar tirelar nan sai ƙarfi ya ɗauke, kamar an janye mu da igiya ta baya. Inji bai mutu ba, yana aiki, amma ko an taka har ƙasa ba ya amsawa. Ga kuma wata mota ta ɓullo daga sama tana gangarowa. Da ƙyar direba ya taka birki ya koma bayan tirela. Allah ne kaɗai ya kiyaye.

Muka sami wuri muka tsaya, aka kashe mota, aka buɗe bonet, ba wanda ya ga komai. Da aka sake tayar da ita sai ta tashi da ƙarfinta kamar ba abin da ya faru. Washegari da safe aka kai ta gareji. Bakanike ya tayar, ya taka, ya zaga unguwa da ita, ya dawo ya ce mota lafiyarta ƙalau. Da mai mota ya nace, sai ya ce to, tun da yake mai turbo ce, ai turbo ne, a je a sayo wani.

Mun san cewa da yawa cikin masu karanta wannan shafi sun taɓa jin irin wannan amsa, waɗansu ma sun biya kuɗin, ciwo kuwa yana nan. Don haka abin da muke so mu nuna a yau shi ne, ciwon da ba ya fitowa sai inji ya yi zafi, da zafinsa ake bincikensa, da awo kuma, kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya. Turbo kuwa, ko da yake shi ake fara zargi, shi ya kamata a tuhuma daga ƙarshe.

MENE NE TURBO?

Inji yana samun ƙarfi ne ta wurin ƙona mai cikin iska. Ƙara mai ba shi da wuya, iska ce take da iyaka, gama silinda ba ta iya zuƙar fiye da cikinta. To, aikin turbo kamar na zugazugin maƙeri ne. Hayaƙin da yake fita daga inji yana juya wata ƙaramar fanka, ita kuma tana haɗe da ta biyu a kan sanda ɗaya, ta biyun ce take cusa iska cikin inji da ƙarfi. Da haka ƙaramin inji yakan yi aikin babba. Sandan nan yakan yi juyi fiye da 150,000 a minti ɗaya, yana yawo a kan siririn baƙin mai, hayaƙin da yake kaɗa shi kuwa a injin fetur yakan kai digiri 900 a ma'aunin Selshiyas.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Siwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi mata rajista a 1905. Ta shiga ƙananan motoci a Amurka a 1962 cikin Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair, sa'an nan a 1978 Mercedes ta fitar da 300SD mai injin gas da turbo. Amma a wurinmu baƙuwa ce. Manyan kanikawanmu da yawa a kan Peugeot 504 suka koyi aiki, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, mota mai kafireta wadda kunne da sifana sukan isa a gane ciwonta. Yanzu kuwa garejinmu sun cika da injin TDI da 1.8T na Golf da Passat da Sharan, da HDi na Peugeot 406, da D-4D na Hilux, har da Honda Civic ta 2016 da Accord ta 2018 masu ƙaramin injin lita 1.5 da turbo.

Turbo ba ya aiki shi kaɗai. Akwai intakula, wato wani abu mai kama da lagireto da yake sanyaya iskar da turbo ya matsa kafin ta shiga inji. Akwai manyan tiyo da suke kai iskar. Akwai ƙofar sakin hayaƙi da take buɗewa idan matsi ya isa, domin kada ya wuce kima. A injunan gas da yawa, maimakon ƙofar, waɗansu ƙananan fikafikai ne masu motsi a cikin turbo suke wannan aiki. Akwai ƙaramin bawul na lantarki da siraran tiyo da suke motsa ƙofar ko fikafikan. Bisa dukansu akwai kwamfutar mota, wadda kanikawa suke kira biren bos, tana karɓar rahoto daga na'urorin awo da ake kira sensa, tana yanke yawan mai da iska da lokacin wuta. Ko ɗaya cikin waɗannan ya gaza, direba zai ji kamar turbo ne ya mutu.

ABIN DA ZAFI YAKE CANZAWA

Me ya sa mota za ta yi lafiya da sanyi, ta raunana da zafi? Dalilai huɗu ne.

Na farko, kwamfuta takan canza hali. Sa'ad da injin fetur yake da sanyi, takan ba shi mai fiye da kima bisa ga lissafin da aka rubuta mata tun daga kamfani, ba ta sauraron sensar da take shinshinar hayaƙi, gama wannan sensa ba ta aiki sai ta kai wajen digiri 300. Da komai ya ɗumama sai ta koma auna mai daidai wa daida, kashi 1 na mai ga kashi 14.7 na iska bisa nauyi, tana dogara ga rahoton sensa. Yawan man nan na safiya yakan rufe asirin ƙarancin mai ko yoyon iska, da ya janye sai ciwo ya bayyana. A injin gas kuma, bawul ɗin EGR mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji yawanci sai inji ya ɗumama yake fara buɗewa. Idan ya cika da kunkunniya ya maƙale a buɗe, sai ga baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi.

Na biyu, roba takan yi laushi, ƙarfe yakan buɗe. Tsagar da ba a gani a jikin tiyo da safe takan wage da rana sa'ad da iska mai matsi ta tura ta. Fikafikan turbo da kunkunniya ta riga ta matse sukan motsa da sanyi, su cije da zafi.

Na uku, kayan lantarki da suka tsufa ba sa son zafi. Kwayil mai ba fulogi wuta, da famfon mai na cikin tanki, da sensar da take ƙirga juyin inji, duk a cikinsu akwai siririyar waya a naɗe, wadda takan yanke ko ta yi rauni idan ta gasu, ta dawo daidai idan ta huce.

Na huɗu, iskar kanta. Duk digiri 3 da iska ta ƙara zafi, nauyinta yakan ragu da kimanin kashi 1 cikin 100. Matsa iska kuwa yana ƙara mata zafi ƙwarai. A ranar da zafi ya kai digiri 40, kamar yadda akan gani a Yola ko Maiduguri ko Sakkwato a watan Afrilu, iskar da turbo ya matsa zuwa bar 1 takan fito da zafin da ya wuce digiri 120. Idan intakula ya toshe da ƙurar hunturu da ƙwari da laka, haka za ta shiga inji. A injin fetur iska mai zafi takan sa mai ya fashe kafin lokacinsa, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Akwai sensar da take sauraron wannan ƙara, da ta ji sai kwamfuta ta jinkirta wutar fulogi, ta rage matsin turbo, domin ta ceci fistin. Ƙarfi ya ragu ke nan, alhali ba abin da ya karye. Ga shi kuma motocin Turai masu turbo da yawa an rubuta 95 a murfin tankinsu, wato ƙarfin jurewar fetur ɗin da suke so, mu kuwa a gidajen manmu ba a ba mutum zaɓi. Tudu ma yana da nasa rabo. Jos tana kimanin mita 1,200 bisa teku, matsin iskarta ya gaza na Legas da fiye da kashi ɗaya cikin goma, saboda haka dole turbo ya ƙara gudu ya cike gurbin.

MAI MOTA NE SHAIDA NA FARKO

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bakanike yana ganin mota na sa'a ɗaya, mai ita kuwa yana tare da ita kullum. Kafin ku je gareji, ku ɗauki biro da takarda ku amsa waɗannan tambayoyi. Bayan minti nawa da tashi ƙarfi yake raguwa? A hawa ne, ko a cunkoso, ko a miƙaƙƙiyar hanya? Farat ɗaya yake ɗaukewa ko sannu a hankali? Idan an kashe an tayar nan take, yana dawowa, ko sai mota ta huce? Ina allurar zafi take a lokacin? Wace fitila ta kama a dashbod, tsaye take ko tana ƙiftawa? Hayaƙin baƙi ne, ko shuɗi, ko fari? Akwai fito ko huci daga gaba? Mai nawa ne a tanki? Da dare ma haka take yi? Amsoshin nan sukan raba ciwon zuwa salo uku.

Salo na farko shi ne irin wanda ya same mu: ƙarfi ya ɗauke farat ɗaya ana cikin takawa, a kashe a tayar ya dawo. Wannan ba aikin ƙarfen da ya karye ba ne, gama abin da ya karye ba ya warkewa da murɗa makulli. Kwamfuta ce ta ga wani awo ya fita daga iyaka, sai ta tsare inji cikin halin ɗingishi, wato ta ba shi ƙarfin da zai kai mutum gida kawai. A mota mai turbo, yawanci matsin iska ne ya wuce abin da ta nema ko ya kasa kaiwa. Sai a duba fikafikai ko ƙofar sakin hayaƙi, da bawul ɗin lantarki, da siraran tiyo, da sensar matsi.

Salo na biyu shi ne raguwa sannu a hankali. Mota ta fita da kuzari, bayan rabin sa'a ta yi nauyi, da rana ta fi muni, da dare ko bayan ruwan sama ta sami sauƙi, kashewa da tayarwa kuwa ba sa taimakawa sai ta huce. A nan sai a zargi zafin iska da intakula, da zafin inji kansa, da famfon mai da yake gajiya, da salansar da ta toshe.

Salo na uku shi ne shaƙewa da rawar jiki, musamman idan an taka da ƙarfi a babbar giya. Wannan ya fi nuna wuta. Idan silinda ta cika da iska mai matsi, wutar fulogi takan sha wuya kafin ta tsallaka, don haka kwayil mai rauni yakan yi aiki a tsaye, ya kasa a hawa. Wannan ba baƙon abu ba ne ko a sabuwar mota. A farkon 2003 Volkswagen da Audi sun sanar da canza kwayil a motoci fiye da rabin miliyan a Amurka, ƙirar 2001 zuwa farkon 2003, injin 1.8T yana cikinsu. Idan fitilar inji tana ƙiftawa, ku sassauta ku tsaya, gama ɗanyen fetur yana zuba cikin salansa, zai kuwa narkar da abin tace hayaƙi. Idan kuma mota ta mutu gaba ɗaya da zafi, ta ƙi tashi sai bayan minti 20 ko 30, allurar juyin inji kuma ba ta motsi sa'ad da ake murɗa makulli, to a fara da sensar ƙirga juyi.

A GAREJI: DAGA MAI ARAHA ZUWA MAI TSADA

Mataki na farko, kada a cire kan batir, kada kuma a goge komai. Kwamfuta takan ajiye lambar ciwo tare da bayanin halin da inji yake ciki a lokacin, wato zafinsa da juyinsa da gudun mota. Wanda ya goge kafin ya karanta ya kori shaida daga kotu. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin Amurka soket mai rami 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, a Turai kuma tun 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu gas. A nan ake jona na'urar bincike. Lambar P0299 tana nufin matsin turbo ya gaza, P0234 ya yi yawa, P0300 zuwa P0304 wuta tana tsallake, P0171 mai ya yi kaɗan bisa ga iska, P0101 sensar awon iska, P0087 matsin mai ya faɗi. Amma ku lura, lamba alama take faɗa, ba ta faɗin abin da za a saya. P0299 tana iya fitowa saboda zoben tiyo ɗaya da ya saki.

Mataki na biyu ana yinsa da sassafe kafin a tayar da mota. A kunna makulli a karanta abin da sensar zafin ruwa da sensar zafin iska suke faɗa. Tun da yake mota ta kwana a kashe, ya kamata su biyun su yi kusa da juna, su kuma yi kusa da zafin gari. Wadda ta kauce da yawa tana ƙarya, kwamfuta kuwa tana gina lissafinta a kan ƙaryar.

Mataki na uku, ido da hannu. A ciro filtar iska a ɗaga ta ga rana. A bi manyan tiyo ɗaya ɗaya daga turbo zuwa intakula zuwa inji, a matsa su, a juya ƙarƙashinsu. Inda aka ga danshin baƙin mai da ƙura ta manne a bakin haɗi, a nan iska take tserewa. Bakaniken da ya san aiki yakan toshe bakin tiyo ya hura iska kaɗan, kada ta wuce bar 1, ya fesa ruwan sabulu ya nemi kumfa. A bi siraran tiyo kuma, gama zafi yakan busar da su har su tsage a baki. A leƙa fuskar intakula da ta lagireto, da tsakaninsu, inda ganye da leda sukan ɓuya.

Mataki na huɗu shi ne zuciyar aikin, shi ne kuma aka fi tsallakewa: a fita da mota hanya har ta yi zafin da ciwo yake fitowa. Mutum biyu ake bukata, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana kallon na'ura. Kada direba ya haɗa biyun. A sami hanya marar cunkoso, a sa giya ta uku, a taka totur sosai daga juyi 2,000 zuwa 4,000, a kwatanta abu biyu: matsin da kwamfuta ta nema da matsin da ta samu. Idan abin da ta samu ya gaza abin da ta nema, iska tana yoyo, ko ƙofar sakin hayaƙi ba ta rufewa, ko salansa ta toshe. Idan ya zarce sa'an nan ƙarfi ya ɗauke, fikafikai ko ƙofar sun cije, ko bawul ɗin da yake motsa su ya gaza. Idan kuwa biyun sun yi daidai amma kwamfuta da kanta ta rage abin da take nema bayan mota ta yi zafi, to turbo yana biyayya ne kawai, sai a tambaya abin da kwamfuta take gudu. A duba zafin iskar da take shiga, da zafin ruwa, da yawan jinkirin wuta, da lissafin ƙarin mai. Idan ƙarin man nan ya wuce kashi 10 cikin 100, akwai yoyon iska ko ƙarancin mai.

Mataki na biyar, mai. A jona ma'aunin matsin mai a karanta shi da zafi, ana cikin takawa, a kwatanta da adadin da kamfanin motar ya rubuta. Awon da aka yi da safe mota tana tsaye ba ya nuna komai. Famfon da yake cikin tanki, man da yake kewaye da shi ne yake sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, da yawanmu da ɗan abin da ya rage a gindin tanki muke yawo, famfo kuwa yana gasuwa yana zuƙar datti. Gwaji mai sauƙi shi ne a cika tanki sau ɗaya a sake bin hanyar nan. Idan ciwo ya ja da baya, an sami bakin zaren. Kada kuma a manta da filtar mai, balle a injin gas.

Mataki na shida, salansa. Abin tace hayaƙi, wanda kanikawa suka laƙaba wa suna indomie, idan ya narke ko ya farfashe yakan toshe hanya, turbo kuwa ba ya juyi sai hayaƙi ya sami mafita. Ana cire sensar hayaƙi ta gabansa a jona ma'auni, a juyi 2,500 bai kamata matsi ya wuce kimanin bar 0.2 ba. Amma kada ku yarda a fasa shi a kan zato. Yana da tsada domin akwai ma'adinai masu daraja a ciki, shi ya sa waɗansu suke saurin ba da shawarar cire shi. Idan ma ya toshe, wani abu ne ya kashe shi, yawanci wuta mai tsallake ko inji mai shan baƙin mai.

Sai a mataki na bakwai ne za a taɓa turbo. Inji a kashe kuma a huce, a cire tiyon bakinsa a kama fankar da yatsa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma kada ta goga jikin gidanta, kada kuma ta yi gaba da baya. Fikafikan fankar da suka ciccinye alamar ƙura ce ta tsallake filta. Turbo da ya mutu da gaske yakan yi kuka kamar jiniya, ya fitar da shuɗin hayaƙi, ya sha baƙin mai, rauninsa kuma ba ya jiran zafi, da safe ma yana nan. A injin gas wannan ba abin wasa ba ne, gama baƙin man da ya taru a intakula yana iya zama wa inji abinci, ya yi ta gudu ko an zare makulli. Idan haka ta faru a mota mai kuloci, a danne birki, a sa babbar giya, a saki kuloci domin inji ya shaƙe.

WATAƘILA MA BA INJI BA NE

Akwai abubuwan da sukan yi kama da raunin inji. Birki mai kamawa idan ya yi zafi yakan riƙe mota. Bayan tafiya a kusantar da bayan hannu ga kowace ƙafa ba tare da taɓawa ba, wadda ta fi sauran zafi ita ce. Kuloci mai zamewa yakan sa inji ya yi ihu, mota ba ta ƙara gudu. Giya mai canza kanta, idan manta ya yi zafi fiye da kima, takan maƙale a giya ɗaya.

Sai kuma al'adar nan tamu ta cire abin daidaita zafin ruwa, wai don ƙasarmu da zafi, da zuba ruwan rijiya a lagireto. An ƙera injunan nan su yi aiki a wajen digiri 90, kwamfuta kuma da wannan take lissafi. Cire shi yana rikita lissafin, ruwan rijiya kuma yana kawo tsatsa da toshewa. Idan allurar zafi ta haura, raguwar ƙarfi gargaɗi ne, ku tsaya. Kada ku buɗe murfin lagireto da zafi, mutane da yawa sun ƙone fuska ta haka.

YADDA TAMU TA ƘARE

Ɗan'uwan namu bai sayi turbo ba. Aka kwatanta masa wani dattijon bakanike da yake aiki tare da ɗansa mai na'urar bincike. Dattijon ya saurari labarin har ƙarshe, tambaya ɗaya kawai ya yi, ko ƙarfin ya dawo da aka kashe aka tayar. Da aka ce masa i, sai ya ce, “To, maigida, shiga mu hau tudu.” Ɗan'uwanmu ya ce, “Baba, ai yanzu lafiyarta ƙalau.” Ya ce shi ya sa za a hau tudun.

Sun yi kusan minti 40 a hanya kafin ciwo ya fito, yaron yana kallon na'ura a kujerar baya. Matsi ya zarce abin da kwamfuta ta nema, nan take ta yanke ƙarfi. Da aka kwance sai aka tarar fikafikan turbo sun cika da kunkunniya, domin shekara biyu motar tana zirga-zirgar cikin gari kawai, daga gida zuwa makaranta zuwa kasuwa, ba ta taɓa samun doguwar hanya ba. Aka wanke, aka canza siririn tiyo ɗaya da ya bushe, aka mayar. Abin da ya biya bai kai rubu'in kuɗin turbo na gwanjo ba, wanda ma ba wanda ya san lafiyarsa.

KAFIN TAFIYAR ƘARSHEN SHEKARA

Da yawanmu mukan ɗebi iyali da kaya mu nufi gida a lokacin Kirsimeti, a motar da ta shekara ba ta yi tafiyar sa'a ɗaya a jere ba. Ku gwada ta mako biyu kafin ranar, da kaya, a kan tudu, da rana tsaka. Ku zuba baƙin man da kamfani ya rubuta, ku canza shi a kan kari, gama shi ne ran turbo. Kada ku taka da ƙarfi inji yana da sanyi. Bayan doguwar tafiya ko hawa, ku bar inji ya yi aiki a tsaye minti ɗaya ko biyu kafin ku kashe, domin kada man da yake cikin turbo ya ƙone ya daskare. A lokacin hunturu ku riƙa duba filtar iska da intakula a kai a kai.

Idan kuwa mota ta taɓa ɗauke ƙarfi ko sau ɗaya, kada ku saba da dabarar kashewa da tayarwa, kada kuma ku fita wuce babbar mota da ita sai an gano dalili. Mu mun ga tazarar da take tsakanin bayan tirela da gaban motar da take gangarowa, ba ta da yawa. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Wanda kuma ya ce muku turbo ne, ku tambaye shi cikin ladabi abin da ya auna, da zafi ko da sanyi.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Amin.